Babi na Shida: Injin da Ke Kwana Wata Tara

A ƙarshen Agusta, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya batse har ya haura cikin gonakin shinkafa na ƙasar Ringim da Taura da Miga, akwai wata ƙara da duk wanda ya taɓa jiran fito ya sani: ƙarar igiyar inji ana fizgarta. Matuƙi ya dafe murfin injin da hagu, ya ja da dama. Inji ya yi tari biyu ya yi gum. Ya sake ja. Mata sun riga sun zauna a tsakiyar jirgi da ƙorai a cinya, an kwantar da babur a goshin jirgin, wani dattijo ya matse akuya tsakanin gwiwoyinsa don yau kasuwar Gujungu ke ci, ga rana tana ta ɗagawa. Kafin ja na goma rigar matuƙin ta jiƙe sharkaf.

"Baba, in je in kira mai gyara?" in ji yaron jirgi.

"Dakata tukuna, ɗan nan. Matsa mini robar nan ka gaya mini, ta yi tauri ko ba ta yi ba?"

Matuƙin da ya san ya yi wannan tambaya kafin ya ɗauki sukudireba ya riga ya rage wa kansa rabin wahala.

Tsakiyar Jigawa ba ƙasar jiragen inji ba ce. Dutse, wadda ta zama babban birni da aka cire jihar daga tsohuwar Kano ran 27 ga Agusta 1991, a tsakiyar duwatsu take zaune, kuma a dam ɗin Warwade da ke kusa da ita masunta da kwalekwale da filafili suke harkarsu. A mashigan kogi ma gora ce ke aiki yawancin shekara. Ba a haɗa nan da Yawuri ta bakin tafkin Kainji, ko Baga ta tafkin Cadi, inda inji ke kuka tun asuba kullum ta Allah har wasu makanikai suka ƙware a kansa shi kaɗai. A nan injin jirgi baƙon damina ne. Yakan fito ne in ruwa ya fi ƙarfin gora, in hanya ta yanke, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020, da kuma 2022 da ambaliya ta raba garuruwa da dama da titin mota, har sai da jirgi ake fitar da mai naƙuda. Ruwan Kogin Kano da na Kogin Calawa, wanda ke bi ta dam ɗin Tiga na 1974 da na Calawa na 1992, yana haɗuwa ne kafin Wudil ya miƙo gabas, ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ba tudun da zai tare shi. Wata biyu ko uku ana fama. Ruwa na janyewa sai a sauke inji a jingine shi a zaure, ba mai sake waiwayarsa sai baɗi.

A wannan jinginar ciwon yake shiga. Injin Yawuri aiki ke cinye shi. Na Jigawa zama ke kashe shi, kuma ta hanyar mai zaman yake fara cin sa.

Injin da ake ratayawa a bayan jirgi ya haura shekara ɗari a duniya. Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norway da ya zauna a Milwaukee ta Amurka, shi ya ƙera wanda ya fara karɓuwa a kasuwa wajen 1909, sunansa kuma ya zauna a jikin injuna har 2020 da aka daina yin su. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko a 1960. Wanda ya cika ruwayen Najeriya a yau shi ne Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, babba kuma 75. Inji ne mai bugu biyu, irin na tsohuwar Vespa, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Dokokin hayaƙi sun kori irinsa daga kasuwannin Turai da Amurka, amma a Afirka da Asiya har gobe ana neman sa, don ba kwamfuta a cikinsa, ba ya jiran batir, kuma mutum da 'yan sufanu da sukudireba zai warware shi a bakin ruwa ya mayar. Wanda ya iso Jigawa sau da yawa na hannu ne, ya riga ya yi shekaru yana bauta a wani ruwan.

Makanikan Dutse da Kiyawa da Jahun ba baƙin kafireto ba ne. Sun buɗe na babur ba adadi, sun buɗe na janareta, sun buɗe na injin ban ruwa da manoman rani ke ɗaurowa a bayan babur tun daga fadama. Sai dai duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: tanki na sama, inji na ƙasa, mai da kansa yake gangarowa. In tiyo ya tsage za a ga ɗiga, a ji wari. Injin jirgi, ban da 'yan ƙanana masu tanki a ka, ba haka yake ba. Tankinsa a ƙasan jirgi yake ajiye, shi yana sama, dole sai ya zuƙo, kamar yaro mai shan lemo da bututu. In bututun ya tsage lemo ba ya zuba, iska ce ke shiga, yaro ya yi ta zuƙa ba abin da ke zuwa bakinsa. Haka tiyon jirgi. Yana iya zama a bushe ƙayau ta waje, ba ɗigo ko ɗaya, alhali ta wani ɗan tsagi da ido ba ya gani iska yake sha. Makaniken da hannunsa ya saba da babur sai ya shafa ya ji ba yoyo, ya ce tiyo lafiya lau, ya faɗa wa kafireto. A nan ake asarar yini guda, wani lokaci har da gasket ɗin da ya yage wajen buɗewa, wanda ba a samun irinsa a shagon kayan babur.

Kafin a ɗora wa mai laifi ma sai an tabbatar nasa ne. Inji abu uku yake so: wuta, matsi, da mai. Akwai 'yar maƙalar roba da ke shiga ƙarƙashin madannin kashewa, wadda ake ɗaura igiyarta a hannun matuƙi don in ya faɗa ruwa inji ya mutu. In ta zame, ko a kwana ana jan igiya wuta ba za ta zo ba. Bayan ita sai a kwance fulogi a duba. An ja sau goma amma bakinsa a bushe, to mai bai iso ba. In kuwa jiƙe yake yana warin fetur, mai ya iso har ya yi yawa, ko kuma wuta ce babu. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a ɗiga kamar cokali guda na haɗaɗɗen mai a maƙogwaron kafireto a ja. In inji ya kama ya yi ƙara na ɗan lokaci ya mutu, ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa: wuta akwai, matsi akwai, yunwa yake ji.

Duk wannan kuwa ba da fasinja a jirgi ake yin sa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda mai shan taba zai yar da ashana. Mutanen Jigawa ba sa bukatar wa'azi a kan fetur bayan daren 15 ga Oktoba 2024, da tankar mai ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To daga nan sai a bi sawun man, ta inda ya taso, ba ta inda ya nufa ba.

A murfin tanki akwai wani ɗan noti da ake murzawa da yatsa. Ƙofar iska ce. Mai na fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ana ɗaure notin ne in za a ɗauko tanki a babur don kada ya zuba, a iso bakin ruwa a manta. Inji zai tashi lafiya, ya yi minti biyar ko goma yana gudu, sai a tsakiyar kogi ya fara jan numfashi ya mutu. A ɗan jira, ya sake tashi, ya sake mutuwa. In aka buɗe murfin za a ji iska ta shiga da ƙara, tankin roba kuma a ga cikinsa ya lotsa. Wani lokacin notin a buɗe yake, amma ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta toshe ramin kamar an shafe shi da laka. Babu gyaran da ya kai wannan araha, kuma babu wanda aka fi tsallakewa. A cikin tankin kuma akwai bututun da ke sauka har ƙasa da 'yar raga a bakinsa. Tsatsar tankin ƙarfe takan liƙe ragar. In bututun ya tsage daga sama, inji zai yi aiki muddin tanki na cike, mai na sauka ƙasa da tsagin sai ya tsaya, matuƙi yana kallon rabin tanki yana mamaki.

Robar matsawa da ke tsakiyar tiyo, mai kamar ƙwan agwagwa, ita ce ta fi kowa bayar da labari. A jikinta akwai kibiya, kuma kibiyar inji take kallo. Wanda ya canza tiyo ya juya ta baya ya rufe wa mai hanya da hannunsa. A cikinta akwai 'yan ƙofofi biyu da ke barin mai ya wuce gaba ba ya dawowa, sun fi kamawa in aka ɗaga ta kibiyar na kallon sama lokacin matsawa. In ta yi tauri bayan an matsa sau biyar ko shida, mai ya cika kwanon kafireto ke nan, allura ta rufe. In an yi ta matsawa ta ƙi tauri, ko dai iska take zuƙa, ko ƙofofinta sun mutu, ko kuma allurar kafireto ba ta rufewa, wanda shi za a gane shi da ganin mai na tsiyaya daga injin, abin da makanikai ke cewa obafulo. In kuwa inji na gudu aka ga ta shanye ta manne kamar busasshen tumatir, to toshewar a bayanta take, wajen tanki. Amma ta ɗan yi laushi yayin da inji ke aiki, wannan ba ciwo ba ne. Haka take.

A mashigin nan na safiyar kasuwa, robar ƙin tauri ta yi. Matuƙin ya sa aka sauke mutane, ya bi tiyon da yatsu yana lanƙwasawa kaɗan kaɗan, kamar mai duba igiyar guga. Dab da inda tiyo ya shiga mahaɗin tanki, a wurin da ya kwana a naɗe tun bara, sai roba ta buɗe baki ta nuna tsagi kamar na faso. Ya yanke tsawon yatsa biyu da wuƙa, ya tura sabon bakin, ya ɗaure da waya. Yaro ya matsa sau shida.

"Baba, ta yi kamar dutse."

Ja biyu inji ya ɗauka, shuɗin hayaƙi ya kwanta a kan ruwa.

Zafin Afrilu a Jigawa yakan haura digiri 40, roba kuwa ba ta jure masa shekara da shekaru. Tiyo kan bushe ta waje, ta ciki kuma fatarsa ta saɓule ta naɗe ta zama ƙofa, tana buɗewa in inji na silo, tana rufewa in an ba shi wuta. A bakin mahaɗin da ake maƙalawa jikin inji akwai wani ɗan zoben roba da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. In ya bushe, ta nan iska ke shiga. Makanikin da ya san aikin yakan saka guntun farin tiyo, irin wanda ake gani ta cikinsa, gab da inji. In ya ga kumfa na bin mai a jere, ya san ɓarawon yana tsakanin nan da tanki. Hanya mafi sauri kuma ita ce a aro tanki da tiyon wani jirgi da ke aiki a jona. In inji ya warware, an huta da taɓa shi.

Ƙarƙashin murfin inji, mai kan fara shiga wani ɗan kofi mai tacewa. A kwance shi a ɗaga a rana. Yashi, tsatsa, ko ɗigon ruwa da ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido, duk a nan ake fara ganinsu. Sai a kula wajen mayarwa, don zobensa in bai zauna daidai ba an buɗe wa iska sabuwar ƙofa.

Gaba da shi sai famfon mai, wanda babur na gida ba shi da shi, shi ya sa ba kowane makanike ya san halinsa ba. Ba gora gare shi ba, ba farfela. 'Yar fatar roba ce siririya a tsakanin ƙarfe biyu, wadda numfashin cikin inji ke turawa yana janyewa duk lokacin da fistin ya sauka ya hau. In fatar ta tsufa ta ƙage, tana iya ciyar da inji a silo, amma da an murɗa totur sai ta kasa. Gwajinsa daɗi gare shi: inji na gudu ya fara shaƙewa, sai yaro ya yi ta matsa robar nan. In ya farfaɗo ya ci gaba muddin ana matsawa, hannun yaron ne ke yin aikin famfo, kuma da haka ana iya lallaɓawa a kai gaɓa. In fatar ta huje kuwa abin juyawa yake. Mai ya riƙa kwarara kai tsaye cikin inji, hayaƙi ya yi yawa, fulogi ɗaya ya yi baƙi ya jiƙe ɗaya na lafiya. A kwance famfon daga jikin inji ba tare da an cire masa tiyo ba, a matsa roba. In mai ya fito ta ɗan ramin bayansa, magana ta ƙare. Wasu kan yanko robar tsohon tub su maye gurbinta. Fetur na taɓa ta take kumbura, kuma ba ta zaɓar lokacin da za ta saki.

Sai shi kansa man, wanda a 'yan shekarun nan ya zama rabin matsalar. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutum ba ya zubar da abin da ya saya da wannan tsada, ko da ya kwana wata takwas a tanki. Mashigi kuma nesa yake da gidan mai, balle in hanya ta yanke, don haka daga hannun 'yan bumburutu ake saye, cikin jarkar da wataƙila jiya man gyaɗa ne a ciki ko ruwa. Ba lallai da mugun nufi ba. Jarka ta kwana a waje cikin ruwan Agusta da murfin leda, mazurari ya jiƙe, raɓa ta taru a cikin tankin ƙarfe da ba a cika ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake sauka, bututun zuƙa kuma a ƙasa bakinsa yake. Injin da ya sha ruwa yakan yi ta tari yana ɗaukewa yana dawowa, ya fi yi in jirgi ya yi tangaɗi. Gane shi ba wuya: a tsiyayo na ƙasan tanki cikin farar gorar roba a ajiye minti biyu, za a ga layi ya raba su sarai. Wani lokacin kuma daga sama abin ke ɓaci. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur ƙasar nan daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layi ya dawo gidajen mai. Irin wannan sinadari yana cin roba, yana kuma jawo ruwa ya haɗe da shi.

Haɗin ma sai da awo. Yawancin waɗannan injuna kashi 50 na fetur suke so da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, daidai cikin ƙaramar gorar ruwan roba. Kuma ba kowane baƙin mai ba, akwai na injin ruwa mai alamar TC-W3 a jikin galan. Na mota ba a yi shi don ƙonewa ba, toka yake bari a kan fistin da fulogi. Mai zubawa da ido yakan ƙara don tsoro, inji ya yi ta hayaƙi yana kashe fulogi, a ce kafireto ne.

Sai an wanke duk waɗannan daga zargi sannan kafireto ya cancanci a buɗe shi. A injin da ya kwana wata tara kuwa sau da yawa yana da hannu a laifin. Man da aka bari a kwanonsa tun Oktoba, feturin ya bi iska ya tafi, baƙin man da dattin suka zauna suka daskare kamar ƙanzon maɗi, launin zuma, da wani wari mai tsami da hanci ba ya mantawa. A cikin kwanon akwai fulot da ke tashi in mai ya cika ya tura allura ta rufe. Ƙanzon nan kan manne allurar, ko a rufe mai ya kasa shiga, ko a buɗe ya yi ta ambaliya. Akwai kuma jet biyu na tagulla. Ƙaramin na silo ne, raminsa ɗan siriri ne ƙwarai, shi ke fara toshewa. Alamarsa ita ce inji ya ƙi zama sai an ja cok, a mayar da cok ya mutu. Babban kuma na gudu ne: silo lafiya, a murɗa totur inji ya yi nishi ya durƙushe.

Wankin yana son haƙuri da farin ƙyalle a shimfiɗe, don ɗan sifirin ɗaya in ya faɗa yashi ya tafi ke nan. Kafin a kwance notin daidaita silo, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya tsaya, a riƙe lissafin, da shi za a mayar. A jiƙa jet a fetur mai tsabta, a hura da iska, a ɗaga a rana har sai an ga haske zagaye ta cikinsa. Abin da ke ɓata injuna da yawa shi ne allurar ɗinki ko wayar birki da ake sokawa. Ƙarfe ya fi tagulla ƙarfi, ramin yake faɗaɗawa, daga ranar inji ya koma shan mai kamar rijiya kuma ba mai iya mayar da shi. In dole sai an soka, silin wayar lantarki ɗaya mai laushi ya isa.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a yi ta lallaɓa injin da ke jin yunwa ba, a ce ai yana tafiya. A inji mai bugu biyu, baƙin man da ke shafe fistin a cikin fetur yake tafe. Mai ya ragu, maiƙo ya ragu, zafi ya ƙaru. A manya masu silinda uku, irin mai doki 75, kowace silinda da kafiretonta. In ɗaya ya toshe, sauran biyun za su ci gaba da jan ta a bushe har fistin ya kama, inji ya buga. Fulogi kan yi gargaɗi tun da wuri: mai lafiya launin soyayyiyar gyaɗa ne, wanda ya yi fari fat kamar alli yana cewa a tsaya. Kuma injin da ya mutu a tsakiyar ruwa mai ƙarfi ba kamar babur ba ne da za a gangara gefe. Jirgi na rasa tuƙi sai ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, da kaya da mutane a ciki. Shi ya sa tsofaffin masu fito ba sa barin gora da filafili a gaɓa don sun sami inji, shi ya sa kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja take nanata rigar kariya da barin tafiyar dare.

Wani abin kuma kamar ciwon mai yake, alhali ba shi ba ne. Kacala, ciyawar da ta mamaye hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru, ambaliya kan tsinko ta ta haɗo da karan dawa da ledoji da tsohuwar koma. In suka naɗe farfela, inji nishi yake ya kasa ɗaukar wuta, sak mai toshewar babban jet. In suka rufe ragar da ke shan ruwan sanyaya inji, zafi ya kama shi ya mutu, ya huce ya tashi, sak mai rufaffen murfin tanki. Don haka kafin a taɓa noti ko ɗaya a ɗaga ƙafar inji a duba farfela, a kuma kalli ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayansa. In babu shi a kashe nan take. A injin da ya kwana a zaure, sau da yawa zanzaro ne ya sami ramin ya gina ɗakinsa na laka a ciki.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, gyaran injin Agusta kuwa a Oktoban da ya wuce ake fara shi. Ranar da za a sauke shi, a kwance ɗan notin da ke ƙasan kowane kwanon kafireto a tsiyaye man tas. Wasu kan cire tiyo su bar inji ya ƙone sauran har ya mutu. A mai kafireto ɗaya ba laifi, amma a mai uku na sama ke fara bushewa sauran na jan sa ba maiƙo, gara tsiyayewar. Abin da ya rage a tanki a yi amfani da shi a makon, a kife tankin ya bushe. A ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi, a ja igiya a hankali sau biyu, a mayar. Tiyo a rataye shi a inuwa cikin faffaɗan naɗi, inda ɓera ba ya kaiwa. Injin a tsaye ake ajiye shi, a lulluɓe da buhu saboda ƙura, a liƙe ƙananan ramukansa saboda zanzaro. Fatar famfo da allura da zoben mahaɗi da fulogi biyu, a aika a sayo su tun rani, lokacin da hanyar Kano a buɗe take kuma ba mai gaggawa.

Sai a watan Yuni, da an yi ruwan shuka, a cika duro da ruwa a tsakar gida har ya rufe ragar shan ruwa da tazara, a rataya injin a kan katako ƙafarsa a ciki, domin ko na rabin minti aka tayar da shi a bushe robar famfon ruwansa ta ƙone. A haɗa sabon mai lita biyar, a buɗe notin murfin tanki, a matsa roba har ta yi tauri, a ja cok, a ja igiya. In ya ɗauka a bar shi ya yi kwatar awa yana silo, ana kallon tsartuwar ruwan bayansa, sannan a kashe a kwance fulogi a duba launinsa.